Ranar da na sa wa Amurka takunkumi

Jama'a, ku taya ni jaje. Asabar ɗin nan na yi asarar takwara, kuma ba kowa ya ja min ba sai manyan Amurka, Allah ya ƙara musu girma, ya nisanta mu da shi.

Abin ya faro ne a shagon mamak, wato mai shayi da abinci, da ke ƙasan benenmu a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur, inda muke majalisa bayan la'asar. Maƙwabcina Maitama ya karanto mana a waya cewa masu girma sarakunan haraji na can sun sake yanke hukunci. Mutanen nan akwai himma. Da safe su ɗora wa maƙwabtansu na kudu da na arewa harajin kaya, da rana su sauke, kafin magariba sun ɗora wa wanda bai ma san ana yi ba. Ko mai tumatir a kasuwar Yankaba ba ya juya farashi haka.

"Wallahi sun gama raina mu," in ji Maitama. "Hatta wayar nan kunnensu ce. Jiya na ce wa madam bayana na ciwo, yau ba abin da nake gani sai tallan katifa."

Barnaba, ɗan Jos mai karatun kwamfuta, ya ce, "Oga, to mu yi musu boikot mana."

Da ma mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Na miƙe na yi jawabi, na ce daga yau ni Zulkiflu na sa wa Amurka takunkumi. A gaban kowa na goge taswirar nan mai magana, wadda wata mata ke cewa yi dama, yi hagu, kamar ita ta haife ka. Aka yi min tafi, kowa ya rantse zai goge tasa in ya koma gida. Barnaba ya ɗauki hotona ya watsa a zaurenmu na waya, wanda shi ma nasu ne, amma lokacin ban yi wannan tunanin ba.

To, ana nan sai ga sunan ɗan abokina Abdussalam a wani masallaci a Kampung Baru. Ya riga ya raɗa min cewa sunana za a sa wa yaron. Goron sunan kuma a firijina yake, kakar yaron ta aiko da shi daga Kano ta hannun wani ɗalibi, ta ce ba ta yarda a raɗa wa jikanta suna babu goro ba. Kun san a garin nan goro ya fi zinariya wuyar samu.

Na fito da sassafe cikin babbar riga, na shiga motata. Duk wanda ya zana titunan Kuala Lumpur, taliya yake ci lokacin. Na hau gada, ta miƙa ni ga wata gadar. Tagwayen dogayen benayen nan da garin ke taƙama da su, na gan su a dama, na gan su a hagu, can sai ga su a madubi suna bin bayana. Na tsaya na tambayi wani bawan Allah hanya. Ya ce, "Boleh, boleh," wato ba damuwa, ya zaro waya ya buɗe min taswirar nan. Na kau da kai, don takunkumi takunkumi ne. Ya dube ni kamar mai sabon taɓi.

Sai ga kiran Abdussalam. "Malam, kana ina? Liman zai wuce wani ɗaurin aure. Turo lokeshan a zo a ɗauke ka."

"Ai na sa musu takunkumi."

Ya ce, "Allah ya ba da nasara," ya kashe.

Da na iso, hantsi ya dubi ludayi, an shafa fatiha, ana cin nasi lemak, shinkafarsu mai madarar kwakwa. Ga Maitama ya miƙe ƙafa, wayarsa na sanar da shi ya iso inda za shi.

"Kai ba ka goge ba?"

"Haba Malam, ai a zuciya ake yin irin wannan."

Barnaba ko kallona bai iya yi ba. Ashe da aka gaji da jirana, wani ɗalibi Bahauddeen ne ya bi taswira zuwa shagon Larabawa a Bukit Bintang, ya dawo da dabino aka raba. Da liman ya sunkuyo ya tambayi uban yaro suna, Abdussalam ransa a ɓace, sai ya dubi mai dabino ya ce, "Bahauddeen." Wallahi abin ya yi min ciwo, har idona ya kawo ruwa. Abdussalam ya karɓi goron ya ce, "Sai na gaba, in Allah ya kawo."

Tun ranar nake bin labarai, ban ji an ce tattalin arzikin Amurka ya ko girgiza ba. Masu girma suna can suna ɗorawa suna saukewa, ba wanda ya kira ni sulhu. Taswira dai na mayar da ita, don uwargida Hureira ta ce ba za ta sake shiga motata ba sai da ita.

In kun ji ana kiran wani jariri Bahauddeen a Kampung Baru, ku yi masa wasa, yaro ne mai kyau. Amma ku sani sunana ne aka ɗora wa haraji.