Yadda Ake Ƙera Kwabon Nero A Kicin

Kai da kake son yin suna a kasuwar tsofaffin kaya ta Roma amma kake gudun gumi, matso. Hanyar Gaspare na kawo maka, kuma na yi maka alkawari sai ta kai ka inda ta kai shi.

1. Samo na gaske

Gaspare ba shi da ko ɗaya. Matarsa Assunta ce ke da kwabon tagulla na Sarki Nero, mai wuya kamar na bijimi, wanda mahaifinta ya tono da garma. Iyakar gadonta ke nan. Ce wa taka matar za ka kai wa masani ya duba, kamar yadda ya ce wa tasa. Danna shi a laka, narka tsohon kan famfo, ka zuba a gurbin, ka yi ta maimaitawa.

2. Ba shi shekaru

Jiƙa na jabun a ruwan tsami da gishiri, ka binne a akurki har ya yi kore. Aikin da ƙasa ta yi shekara dubu biyu tana yi, kashin kaji ya fi ta sauri.

3. Koyi surutu

Ce wa mai saye da irinsa ne talaka ke sayen burodi, ya shiga gidan wanka. Nuna haruffan SC da ke jikinsa, ka ce shaidar majalisar dattawa ce. In an tambayi abin da ba ka sani ba, yi tsaki, ka ce gobarar Roma ta cinye bayanin.

4. Zuba su a kwano ɗaya

Gaspare ya cusa na gasken a ciki don ya ja ido, ya manta wanne ne. Wani likitan haƙori ya zo ya jujjuya su, ya ɗaga ɗaya, ya ce wannan dai jabu ne, amma jikansa zai yi wasa da shi. Gaspare ya sallama a kuɗin kofi, yana dariya a ciki.

5. Koma gida da fara'a

Da Assunta ta nemi kayanta, ya miƙa mata wanda ya fi kyau. Ta shinshina, ta ajiye.

"Gaspare, babana bai taɓa kiwon kaji ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta haɗa akwatinta ta koma wajen yayarta a Frascati. Shi kuwa yana nan duk Lahadi, da kwano cike da Nero, yana tare masu wucewa yana tambayar ko sun san wani likitan haƙori mai jika.

In ka bi matakan nan gidanka ya watse, kada ka zo ƙofata. Ni ban da akurki, matata kuma tana nan.