Langar Da Ta Tona Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da langa ta kwance mini zani a kasuwa ba (ga shi ko zanin ba na ɗaurawa). Langa fa, kwanon nan mai murfi da ake zuba tuwo. Ni da nake koyar da kwamfuta a wata sakandare a Daura, nake tsayawa gaban ɗalibai ina kaɗa yatsa ina cewa, "Duk abin da ka sa a intanet ya bar hannunka har abada," ni ne kwanon tuwo ya kama.

Tun ina kwaleji nake da shafina na kaina, irin wanda ake kira bulog, da sunan Baƙon Gari. Nakan rubuta duk abin da ya zo bakina, daga rigimar 'yan acaɓa har cinikin raguna a kasuwar Mai'adua. Wajen ɓoye kai kuwa, ban ga na biyuna ba. Layin waya daban na saya don shafin. Ban taɓa sa fuskata ba, ban taɓa ambaton garin da nake ba, na kashe abin da ke nuna inda mutum yake. Ko hannuna ya fito a hoto sai na yanke shi, saboda wani tabon ƙuna da ke babban yatsana. Ina jin kaina kamar wani ɗan leƙen asiri, alhali a lokacin masu karanta ni ba su cika aji ɗaya ba.

Da aka turo ni aiki Daura daga garinmu Mashi, na kama ɗaki a wata unguwa, gwauro, tukunya ɗaya gare ni ita ma ta dafa shayi. Wata tsohuwa maƙwabciyata, kowa Iya yake ce mata, ta ji an ce malamin makaranta baƙo ya sauka. Ba dangin uwa ba na uba, ta fara aiko mini da tuwo kullum da magariba a wata langa mai ruwan ɗorawa.

To, gaskiya miyar akwai gishiri. Mutumin kirki sai ya ci ya gode ya yi shiru. Ni kuwa sai na buɗe sabon babi a shafina, na raɗa wa baiwar Allah suna Hajiya Gishiri. In ɗauki hoton langar, in rubuta, "Miyar kukar yau ko shanu aka ba sun huta da lasar kanwa." Wata rana kuma, "Da tuwon yau aka yi katangar makarantarmu, da damina ba ta kayar da ita ba." Mutane suka yi ta dariya suna tura wa juna, masu karatu suka ƙaru, kaina ya kumbura. (Kada ku tambaye ni ko ina cin tuwon. Har langar nake suɗewa.)

A hankali girkin ya gyaru, har ya zamana tun la'asar nake duba hanya. Ko a nan ban yi shiru ba. Na rubuta, "Da alama gishiri ya yi tsada a unguwarsu Hajiya."

Shekaru suka tafi. Iya tana da jika, Hadiza, wadda ta riƙa tun tana ƙarama. Ta gama karatun ungozoma, muka fara gaisawa a ƙofar gida, gaisuwa ta zama zance, zance ya zama na rasa barci. Kowa a unguwar ya san kawunnanta za su iya cewa sun bayar, amma in Iya ta girgiza kai magana ta mutu.

Ranar da Baffana ya zo daga Mashi neman aure, bayan an gama da maza a zaure, sai aka ce Iya na son mu shigo mu gaisa, har da ni. Na shiga cikin shaddata mai sitaci, na durƙusa gefen tabarma ina sunkuyar da kai kamar ban taɓa yi wa kowa laifi ba. Aka gaisa, aka yi addu'a. Sai Iya ta jawo langar nan mai ruwan ɗorawa ta tura gabana.

"Malam, bismilla. Ko sai ka ɗauki hoton tukuna?"

Na ce, "Wane hoto, Iya?"

"Na Hajiya Gishiri mana. Ai ga ta a gabanka, yau sai ka ɗauke ta da fuskarta."

Baffa ya dube ni, ya dube ta. Iya ta ɗaga murya ta ce, "Hadiza, karanta wa Alhaji na shanun nan."

Daga bayan labule muryar da nake mafarkin ji a gidana ta karanto maganata tiryan-tiryan, ba dariya ba fushi. Ta karanta na shanu, ta karanta na katanga. Gumi ya bi sitacin nan ya narkar da shi. Baffa ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ce, "Kai ka rubuta wannan?"

Maimakon in nemi gafara, sai malamin kwamfutar da ke cikina ya yi magana. Na ce, "Amma ta yaya aka gane ni ne? Ban sa suna ba, ban sa gari ba."

Iya ta juya murfin langar ta nuna mini ɗigo uku na jan farce a gefe. Duk macen da ke kai kwano gidan biki ko suna tana da shaidar da take sawa, don kwanonta ya dawo. Shekara da shekaru ina wanke langar nan, na ɗauka fenti ne ya ɗiga. Ashe wata ce ta tura hoton a guruf ɗin matan unguwa don a sha dariya, kafin a gama dariyar mata sun ce, "Wannan ai langar Iya ce." Langar kuwa gida ɗaya take zuwa da magariba. Wato duk matan da nake gaisarwa a hanya ina gyara tabarau, sun san waye Baƙon Gari.

"Ni ba ka ɓata mini rai ba," in ji Iya, "don tun idona ya fara hazo na bar murhu. Wadda ka yi wa ba'a ga ta can. Lokacin ta dawo daga makarantar kwana, ko ruwan zafi ba ta iya ba, a kanka ta koyi girki. Ranar da ta gani kuka ta yi, ta ce ba ta ƙara aikawa. Na ce baƙo ne, ba za mu bar shi da yunwa don bakinsa ya yi tsawo ba."

Wallahi duk cikin abin da aka faɗa a ɗakin nan, wannan ne ya fi dukana. Ban taɓa raina kaina kamar lokacin ba.

Baffa ya fara ba da haƙuri, Iya ta ɗaga hannu. "Alhaji, ba ni za a ba ba. Hadiza, kina son sa ko a sallame su?"

Daga bayan labule Hadiza ta ce, "In ya cinye na yau."

Na buɗe langar. Lomar farko sai da idona ya kawo ruwa, don ina jin gishirin unguwar kaf ta juye a ciki. Na miƙa wa Baffa ido ko zai taimaka, ya ce shi Alhamdulillahi, hawan jini gare shi. Haka na zauna a gaban surukai, inda ake jin kunyar ko shan ruwa, na cinye tuwon nan tas na suɗe langa. Iya tana ta ce mini, "Ci a hankali, angona, kada santi ya sa ka rubuta wani abin."

An ɗaura auren bayan babbar salla. Shafin yana nan har yau, sai dai na goge babin Hajiya Gishiri, kuma ba abin da ke fita sai uwargida ta karanta. Ɗalibaina yanzu nakan ce musu su ɓoye suna da fuska yadda suka ga dama, amma kada su rubuta abin da ba za su iya ji ana karantawa a gaban baffansu ba.

Langar kuwa Iya ta sako ta cikin kayan ɗaki. Ba a cika amfani da ita ba. Amma duk ranar da na dawo daga makaranta na ga a cikinta aka zuba mini abinci, ba na tambayar me na yi. Sai in cika jug da ruwa, in zauna, in yi bismilla.