Haƙorin Alhaji da Haƙorin Bingo

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan taɓa mantawa da ranar da Alhaji Sabo ya same ni a wurin aiki ba.

Lokacin ina neman auren 'yarsa Hadiza a unguwar Dilimi. Da ya tambayi sana'ata, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ina taya likita wankin haƙori." Ban yi ƙarya ba. Abin da na haɗiye kawai shi ne asibitin dabbobi ne, majinyatanmu kuma haushi suke yi. (Hadiza ce ta ce in yi shiru sai an ɗaura, don babanta ko inuwar kare ba ya takawa.)

Tun daga nan na zama "Likita". Rannan na je gaisuwa ya ce dasashinsa na ciwo, in duba masa. Ni da rawar kai na zura yatsa na taɓa, har da gyaɗa kai: "A rage goro, Baba."

Bayan mako guda kuncinsa ya kumbura. Ya rufe rumfarsa a kasuwar Katako, ya yi ta tambaya har Tina Junction, inda asibitinmu yake. Mai gadinmu na jin "surukin Likita" ya rako shi har ciki.

Ga ƙaton karen wata Madam Ngozi an yi masa allurar barci, harshe a waje, ga ni ina kankare masa dattin haƙori da na'ura har da 'yar waƙata. Na ɗago muka haɗa ido. Na zube ƙasa ina gaisuwa, na'urar na ta ƙara a hannuna.

Ya dubi karen, ya dube ni, ya dafe kuncinsa.

"Yaro, da wannan yatsan ne?"

"Ina sa safar hannu, Baba."

"Ranar ba ka sa ba."

Madam Ngozi ta leƙo daga ƙofa don ta taimake ni: "Alhaji, yaro nan ya iya aiki fa. Bakin Bingo ba wari kuma." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Wata biyu bai amsa gaisuwata ba. Da ƙyar aka ɗaura auren, bayan kawunnaina sun sha zarya. Har yau in na je gidan, buta da ƙasa ke jirana a zaure, in wanke hannu sau bakwai, shi yake ƙirgawa.

In za ka ɓoye wa suruki rabin gaskiya, fara tabbatarwa haƙoransa lafiya lau suke.