Yadda Kawu Nomau Ya Auna Bututun Iska

Ladidi, Uwani, ku matso kafin Malama ta shigo, yau da labari na zo! Kun dai san gidanmu: ni, da Inna, da ƙanenta Kawu Nomau, sai kaji masu ƙwai cike da dogon ɗakin nan na bayan gida. Kawu ƙato ne, ga gemu, ga kirki, amma abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. To tun da zafin bazarar nan ya kama, kajin Inna suke ta faɗuwa, kullum sai an fitar da matacciya, kuma da ƙwan nan muke ci muke sha. Shi ne ta kira Malam Cindo maƙerin kwano ya yi mata bututun iska: fanka mai sola a bakin ɗaki, bututun kwano ya bi ta sama har ƙurya, da ramuka a jikinsa yana hura wa kaji iska. Malam ya ce duk aikin a wajen awo yake. In bututu ya matse, iska ta yi ta ihu ba ta wucewa, in ya yi faɗi da yawa kuma ta kwanta ta yi barci a ciki. Inna ta ce ga Nomau nan ya taya shi. Wayyo Allah!

Wata rana Malam Cindo yana shagonsa can bakin kasuwa, ya ce, "Nomau, je ka auno mini faɗin bakin fankar da hannuwanka. Kada ka saki awon sai na gani." Kawu ya zo ya ware hannu daidai bakin fanka, ya taho a haka. Ƙofar zaure ta ƙi shi, ya fita a kaikaice. A hanya Liman ya miƙo masa hannu su gaisa, Kawu ya miƙa masa goshi. Yana isa shago aka ce Malam ya tafi sayo kwano birni. Ya dawo gida hannu a ware, ƙuda na yawo a kan hancinsa. Inna ta ce, "Nomau, sauke hannun nan ka ci tuwo." Ya ce, "Yaya, bai gani ba." Wallahi ni na ba shi tuwo a baki kamar jinjiri!

Wata rana kuma Malam ya ce ba zai yanka kwano ba sai ya san yawan iskar da kajin suke sha, Nomau ya je ya gano. Shi fa yawan kajin yake nufi da girman ɗakin. Kawu ya tattaro ledoji, ya kama kaza ya ɗaura mata leda a baki, ya tsuguna yana kallon yadda ledar take kumbura tana lotsewa. Kaza ta sheme. Ya kamo zakara, zakara ya ce bai san zancen ba, ya sare shi a leɓe. Inna ta fito da muciya tana cewa, "Zafi yana kashe mini su, kai ma ka zo taya shi?" Kawu yana gudu yana riƙe da ledar a ɗaure, wai kada iskar kazar ta zube kafin Malam ya gani.

Wata rana ana ɗora bututun, Malam yana kan tsani ya ce, "Iska miƙaƙƙiyar hanya take so. Duk abin da ya tare bayan fankar nan, kawar da shi." Buhunan dusa ne fa a jingine a wurin. Kawu ya kwashe buhunan, ya duba ya ga katanga ma ta tare. Ya ɗauko diga. Ku tsaya ku ji! Bayan katangar nan makewayin maƙwabcinmu Baba Jatau ne, kuma yana ciki yana wanka, kumfa har ido. Sai ganin kan Kawu ya yi ta ɓula yana cewa, "Baba, gafara dai, iska za ta wuce." Baba Jatau da bokiti ya rufe jikinsa, har yau ba ya amsa gaisuwarmu.

To an gama aiki, an kunna fanka, sai abu ya ƙi. Kajin bakin ƙofa iska kamar ta fige su, na ƙurya kuwa ko gashinsu bai motsa ba, baki a buɗe suna haki. Shekaranjiya ma aka fitar da matattu daga can. Malam ya sosa ƙeya ya ce zai je ya yi tunani. Inna ta zauna a kan turmi ta yi tagumi, ni ma har na ji ƙwalla.

Jiya kuma Inna za ta tafi suna, ta ɗaga kai ta ga ramukan bututun manya-manya, ta ce, "Ga iska babu, ga gidan ɓera an gina mini. Nomau, ka rage ramukan nan yadda ɓera ba zai iya shiga ba." Kawu ya ce to. Ya je rumbu ya kamo ɓera mai rai! Ya kwaɓa laka, ya hau tsani, kowane rami ya shafa laka a gefe ya tura kan ɓeran. In ya shige, ya jawo shi ta wutsiya ya ƙara laka. Haka ya bi su tun daga bakin ƙofa har ƙurya, ɓera yana tsuwa, ni ina ƙasa ina miƙa laka ina mutuwa da dariya.

Sai ga Malam Cindo. Ya ga kwanonsa mai ƙyalli duk laka, ya ɗora hannu a ka. "Nomau, ka kashe ni! Wa ya sa ka?" Bai rufe baki ba hularsa ta motsa, kuma a ƙurya yake tsaye. Ya yagi ƙyalle ya riƙa ɗagawa ƙarƙashin ramukan, a kowanne rami ƙyallen yana rawa iri ɗaya. Kajin ƙurya sun miƙe suna karkaɗe jiki suna neman dusa! Ya ce ashe ramukan ne suka fi ƙarfin bututun, na gaba suna shanye iskar tun ba ta kai baya ba, yanzu da suka ƙanƙance kowa ya sami rabonsa.

Ya ce, "Da me ka auna suka zo daidai haka?"

Kawu ya sa hannu a aljihu ya zaro ɓeran. Daidai lokacin Inna ta shigo da mayafinta na suna, ta ƙwala ihu ta haye turmi. "Kashe shi! Nomau, kashe shi!"

Malam ya tare da sauri. "A'a Hajiya, a bar shi! Ina da irin wannan aikin a gidan kajin ƙauyen gaba. Nomau, kula mini da shi, kada ya yi ƙiba, kada ya rame."

Yau da safe daga ƙuryar nan na cika ƙwarya da ƙwai, ba matacciya ko ɗaya. Da zan fito na wuce Kawu a zaure, ya tasa ɓeran a gaba da ƙwayar gyaɗa a hannu, ya miƙa ya janye, ya miƙa ya janye. Ya ɗago ya dube ni kamar zai yi kuka, ya ce, "Talatu, in ba shi ko in hana shi?"