Salak ɗina da famfon Mai Girma

Jama'a, ku taya ni murna, jiya na wanke salak da ruwan famfo. Kar ku yi dariya, a layinmu wannan babban labari ne.

Maiɗakina ce ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar tana koyar da 'yan aji uku. Ta gayyato abokan aikinta cin abincin rana, ni kuma bakina ya ja mini, na ce haɗa salak nawa ne. Matar da ta daɗe tana ciyar da ni, ai ko ganye ne na yanka mata sau ɗaya.

"Baban yara," ta ce, "kai da ko ruwan shayi ka ɗora sai ya ƙone?"

"Malama, ke dai zuba ido."

Na dawo daga kasuwa da salak kore shar, da kokwamba da tumatir da karas. Na murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru, yadda ya saba tun bara waccan. Ruwan duro ya tafi a girki, motocin sayar da ruwa kuma suna layin mai tun shekaranjiya. Ga ƙasa cunkus a gindin ganyen, ga baƙi ƙarfe biyu, ga salak ya fara yaushi.

Sai maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga.

"Maƙwabci, ka tsaya kana kallon ganye kamar za ka yi masa addu'a. Ba ka jin lasifika? Yau Mai Girma Gwanin Yanka Kirtani zai buɗe famfon bakin layi."

"Wanda ya buɗe bara?"

"Shi fa. An sake masa fenti."

"Da ruwa a ciki?"

"Na ga tanka a bayan katanga, an binne tiyo da yashi. Guda ɗaya ce, ka hanzarta."

Na zuba kayan salak a roba, na sura na fita da gudu, a shekaruna.

Kai, manya sun iya taro! Rumfuna huɗu, motoci sha biyu, kowane babba da ruwan gora a gabansa, saboda sun fi mu sanin famfon. Mai Girma ya yanka kirtani, ya murɗa, ruwa ya ɓalle, aka ɗau tafi. Daga nan kowa ya juya sauraron jawabi, ruwa yana ta malala a ƙasa. Na lallaɓa zan durƙusa, wani ƙaton mai gadi ya cafke ni.

"Kai dattijo, ina za ka?"

"Ranka ya daɗe, amfana zan yi."

Ashe Mai Girma ya ji. "Ku ƙyale shi! Ga talaka nan yana amfana!"

Masu hoto suka yi caa a kaina. Ya sauko da kansa, ya ɗauki ganye ɗaya da yatsa biyu, ya miƙo mini abin magana.

"Baba, yaya ka ji ruwan nan?"

"Ranka ya daɗe, a jiƙe yake."

Aka sake tafi. Ya koma kan jawabi, ni na koma kan ganye. Na sha zagin dogon jawabi a shafin nan, yau na janye. Kafin ya gama lissafa alheran da ke tafe, na wanke salak sau uku, ganye-ganye, har karas na kankare. Motarsa ta ƙarshe na shan kwana, ruwa ya ɗauke.

A gida na tsane ganyen, na yayyaga da hannu don kar wuƙa ta sa shi baƙi, na yanka sauran, na matsa lemun tsami, na zuba mai da ɗan gishiri. Baƙi suka ci, ba wanda ya tauna tsakuwa. Shugabar makarantarsu har ƙari ta nema. Malama ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Baban yara, ka fitar da ni kunya." Wallahi sai da na shiga kicin na goge ido, na ce albasa ce.

Yau da safe tela ya kawo mini jarida. Ga ni durƙushe da robata, a ƙasa an rubuta: "Manomi yana girbin farko a sabon shirin noman rani." Wai amfanin gonata ya ninka sau uku. Ban musa ba, wane ni in ƙaryata manya? Damuwata ɗaya ce: tun ɗazu Malama ke tambayata ina gonar take, kuma tun yaushe nake ɓoye mata.