Ranar da na ɗora Kawu Ila a lasifika

Ba zan taɓa mantawa da walimar ƙanwata Rumaisa ba, ranar da na tashi kare mutuncin wani bawan Allah, na kusa raba shi da garin Makka gaba ɗaya.

Kawu Ila ne ya yi mana girkin. Duk wanda ya taso a unguwarmu ta Mansur ya san shi: dattijo ne ɗan Kano, ya fi shekara talatin a nan, kuma da wuya a yi bikin Hausawa ba a ci wainarsa ba. Ɗan daudu ne. In yana tsakar gida gaban tanda, zane yake ɗaurawa, yana tafa hannu yana tsokanar iyayenmu mata, su zage shi ya rama da wanda ya fi. Amma da zarar zai fita titi sai ya zura farar jallabiya, ya sunkuyar da kai, ya bi gefen bango. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

A watannin nan kuwa wani sabon ilimi ya shige ni. Na yi ta karance-karance a waya kan yadda ake wulaƙanta irin su Kawu Ila, zuciyata ta tafasa, na naɗa kaina lauyarsa (shi bai san ya ɗauki lauya ba). Mijina ya sha lacca. Mamanmu ma ta sha, har ta ce in na sake buɗe baki za ta kai ni a yi mini ruƙiyya.

A wani gidan biki a Aziziyya aka yi walimar, bayan azahar, maza a zaurensu, mu mata a namu, bango a tsakani. A ƙofa ake karɓe wayoyi, mu cire abaya, mu baje kwalliya. In lokacin shigowar ango ya yi, matar da ke riƙe da lasifika takan danna wani maɓalli da ke kai sauti zauren maza, ta ce ango ya shirya, mu kuma mu rufe jiki. Daga nan sai ta kashe. Wannan kashewar ce ban san da ita ba.

Na ci waina shida (bakwai, tunda gaskiya na zo faɗa), na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi, ina ji kamar ni ce amaryar. Sai na ji wata a dangin ango tana cewa, "Wainar kam ta yi, sai dai mai yin ta..." Ta karya wuya ta kwaikwayi tafiyarsa, ƙawayenta suka bushe da dariya. Nan take lauya ta miƙe. Matar lasifika ta gama sanarwa ke nan, ta ɗaga gorar ruwa, na fizge abin daga hannunta.

Na ce, "Salamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Wainar nan da kuke lashe yatsu a kanta, Kawu Ila ne ya soya. E, yana ɗaura zane. E, yana rangwaɗa, yana magana irin tamu, har lalle yake sa wa ƙafarsa. To sai me? Ya fi maza ɗarin da ke zaune can suna jiran a zuba musu!"

Har layin gidansa na kwatanta, wai don masu son ba shi aiki.

Ina tsaye ina jiran tafi, sai matar lasifika ta ƙware da ruwa, tana nuna mini wata 'yar jar fitila. Da ta samu numfashi ta ce, "Ya binti, 'yata, maza na jin ki. Tun daga sallama."

Kun san abin da na yi? Na rarumi abayar wata baiwar Allah na lulluɓe fuskata, ni da babu namijin da ke ganina. Bayan bango tsit, sai tarin Babanmu, wanda zan gane ko a filin Arfa. A cikin maza ɗarin nan akwai mijina, akwai mahaifinsa, akwai limamin unguwarmu, ga baƙin ango da ba su taɓa jin sunan Kawu Ila ba sai daga bakina.

Na zagaya ta ƙofar baya zuwa kicin. Na tarar har ya zura jallabiyarsa, yana goge tanda.

"Kawu, na zo ne..."

"Na ji, 'yar nan. Har Mina sun ji. Wa ya aike ki?"

"Ni dai so nake su daina raina ka."

Ya ajiye tsumman. "Raini ba ya korar mutum daga gari, magana ce ke korarsa. Shekara talatin ina lallaɓa iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, kamar ƙwai. Mutum ɗaya cikin baƙin can ya kai zancena inda bai kamata ba, kalas, shi ke nan, sai a saka ni a jirgi. Me zan je in yi a Kano? Kabarin uwata a nan yake."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, sannan tsoro. Kwallina ya zubo har haɓa. Na ce, "To me zan yi, Kawu?"

"Da wannan tambayar kika fara, da ba mu zo nan ba." Ya dube ni, babu fushi a idonsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. "Ranar Talata, gaban mai kayan miya, kina tare da uwar mijinki. Na ɗaga miki hannu, kika tsallaka titi."

Haka aka yi. Ni ce, lauya guda.

"Sallama kawai nake so," in ji shi.

Allah ya rufa asiri, zancen bai je ko'ina ba, don Babanmu ya bi baƙin ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙurin haukan 'yarsa. Har yau in ana biki a danginmu, da na shigo sai a ɓoye lasifika. Ni kuwa na gane cewa jawabi a gaban mata ɗari biyu bai kai gaisuwa ɗaya a bakin titi wuya ba.

Talatar da ta biyo baya na tsaya gabansa a Mansur, surukata na gefena, na ce, "Kawu Ila, ina wuni?"

Ya ce, "Lafiya lau, lauya. Rage murya."