Faifan Nijar da Na Huda

Ba zan taɓa mantawa da shanun Ardo Buba ba, domin da hannuna na taimaka wa ciwon huhu ya cinye su, ina zaune a kan kujera, ban ko taɓa shiga rugarsa ba.

A shekarun 1990 ni ne akawu mai karɓar wasiƙu a wani ƙaramin ofishin lafiyar dabbobi a yankin Kafanchan. Abin alfaharina ɗaya ne: takarda ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Duk abin da ya shigo sai na buga masa hatimi, na huda shi, na zura masa igiya, na ɗaure a fayil. (Matata Saratu takan ce da takardar aurenmu ta biyo ta ofis, da ita ma ta sha huda.)

A lokacin an fara wani shiri tsakanin likitocin dabbobi na nan da na Nijar: su riƙa aiko da labarin cuta a faifan kwamfuta kafin shanun rani su gangaro kudu. Aka kawo mana kwamfuta ɗaya, aka lulluɓe ta da zane a ofishin maigidanmu Dokta Bitrus. Ni dai ban taɓa ganin tana aiki ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba.

Dokta yana Kaduna kwas sai ga ambulan daga Nijar. A ciki akwai wasiƙa da Faransanci, da wani baƙin abu mai faɗi, fale-fale kamar kwali. Na juya shi, na ce to, ko daga sama ka faɗo, doka doka ce. Na buga hatimi, na huda. Hudar farko ta karkace, sai na ƙara ta biyu, don ni ba na son aikin ƙazanta. Na ɗaure shi na sa a kabad, na manta.

Bayan wasu makonni shanu suka fara tari a wajen Godogodo. Ardo Buba, dattijon Bafulatani da ya saba kawo mini kwalbar man shanu duk Kirsimeti, shi abin ya fi shafa. Garkunan rani da suka gangaro daga Nijar sun sha ruwa a mashayarsa. Kullum sai ya zo ofis neman magani, kullum da labarin wadda ta faɗi.

Da mutanen Nijar suka ji shiru, sai suka turo jami'insu, Malam Isufu. Aka yi taro, har da ardoɗi. Ya ce tun tuni sun aiko da bayanin garkunan da suka kamu, da burtalin da za su bi, don a yi rigakafi kafin su iso. Dokta Bitrus ya ce, "Mu kam ba mu samu komai ba."

Nan ne fa na miƙe. Wai a ce abu ya ɓata a ofishina? "Ranka ya daɗe, mun samu mana! Yana nan lafiya lau." Na je na ɗauko fayil, ina tafe ina buɗa kafaɗa, na ajiye a gabansu.

Malam Isufu ya kwance igiyar a hankali. Ya ɗaga faifan saitin taga, haske ya ɓullo ta hudojin nan biyu, ga hatimina ɓaro-ɓaro a tsakiya. Ya ce da Hausarsu ta Nijar, "Wa ya yi wanga aiki?"

Dokta ya dafe kai. "Ya Yesu. Akawu, kai ne?"

Na ce, "Bisa ƙa'ida ne, Dokta." Har yau ina jin kunyar wannan amsa fiye da hudar kanta.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Ardo Buba ya nemi a yi masa bayani, aka yi. Ya dube ni ya ce, "Akawu, ashe saƙon ya zo?"

"Ya zo, Ardo."

"Kafin shanuna su fara tari?"

Na gyaɗa kai. Ya gyara sandarsa ya ce, "To, madalla da ka adana shi." Ya fita.

An ba ni takardar gargaɗi, ni na buga mata hatimi, na huda ta, na sa a fayil ɗina. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya karya ni shi ne Kirsimetin shekarar. Muna dawowa daga sujada na tarar da Ardo a ƙofar gidana, hannu rabbana. Ya yi mini barka da biki, sannan ya ce in yi haƙuri, bana babu man shanu, saniyar da ta rage ba ta da nono. Shi ne yake ba ni haƙuri.

Tun daga ranar na koyi cewa "ban sani ba" ba ta kashe saniya. Yanzu ko jikokina suka miƙo mini wani sabon abu, sai na ɓoye hannuwana a baya, na tambaya tukuna.